Wa zai riƙe yara bayan rabuwa? Yadda kotu ke yanke hukunci, mataki bayan mataki

Yawancin iyayen da ke zuwa kotu kan riƙon yara suna zuwa ne da amsar tambayar da alƙali ba zai yi musu ba. Uba ya zo da labarin rainin da ya sha, uwa ta zo da lissafin shekarun da ta kwashe tana haƙuri, kowannensu yana jiran a ce shi ne mai gaskiya. Abin da ke gaban alƙali kuwa daban ne: a wane gida yaron nan zai kwana, wa zai shirya shi makaranta, wa zai tashi tsakar dare idan zazzaɓi ya rufe shi, kuma wane tsari ne zai rage masa raɗaɗin rabuwar da ba shi ya jawo ta ba. Wanda ya gane wannan tun kafin ya taka ƙofar kotu ya rage wa kansa rabin wahala, ya rage wa ɗansa fiye da haka.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga kotu zuwa kotu a ƙasa ɗaya. Amma hanyar da ake bi tana da kama da juna kusan ko'ina, ita ce za mu bi a nan.

Mataki na farko: a san abin da ake nema

Idan an ce riƙo, abubuwa uku ne ake haɗawa wuri ɗaya, kuma kotu takan warware su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wurin zaman yaro da renonsa na yau da kullum. Akwai ikon yanke manyan shawarwari a kansa, kamar makarantar da zai shiga, aikin asibiti mai nauyi, da tafiya wata ƙasa. Akwai kuma ziyara, wato lokacin da yaro zai riƙa yi tare da wanda ba a hannunsa yake ba. Ana iya ba uwa na farko, a bar na biyu a hannun su biyun, a tsara wa uba na uku. A fiƙihun Musulunci ma an raba su tun da daɗewa: hadana ita ce renon, walicci kuma yana hannun uba ko da yaron yana ɗakin uwarsa.

Ciyarwa magana ce mai zaman kanta. Uba ba ya kuɓuta daga ciyar da ɗansa don kawai an ba uwa riƙo, haka nan a mafi yawan dokoki ba a hana mutum ganin ɗansa don ya yi jinkirin biyan kuɗin ciyarwa. Kowanne yana da hanyar da ake bin haƙƙinsa. Masu cewa “ba kuɗi, ba ganin yaro” ko “ba ganin yaro, ba kuɗi” suna hukunta yaron ne kan laifin da babba ya yi.

Mataki na biyu: a fahimci ma'aunin alƙali

Ma'aunin shi ne maslahar yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta shekarar 1989, wadda ƙasashe 196 suka amince da ita, ta ce a sashe na 3 a sa maslahar yaro a gaba cikin duk hukuncin da ya shafe shi. Sashe na 9 ya ba yaron da iyayensa suka rabu haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyu, sai fa idan hulɗar za ta cutar da shi. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ta ɗauki wannan ma'auni, haka ma dokokin ƙasashe da dama, irin su dokar yara ta Ghana ta 1998 da dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003.

Ba haka aka fara ba. A Ingila, alal misali, uba ne ke da kusan cikakken iko a kan 'ya'yan aure, sai a 1839 aka yi dokar da ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba, bayan gwagwarmayar wata mata mai suna Caroline Norton da mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku. Yau dokar yara ta Ingila ta 1989 ta jera abubuwan da alƙali zai duba, kuma jerin yana da amfani ga kowa ko a ina yake, domin kusan su ne ake dubawa a sauran wurare: abin da yaron ke so gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, bukatunsa na jiki da na zuciya da na karatu, yadda sauyin wuri zai taɓa shi, shekarunsa da asalinsa, cutarwar da ya taɓa fuskanta ko ake jin tsoron zai fuskanta, da kuma yadda kowane ɗaya daga cikin iyayen zai iya biyan waɗannan bukatu.

A lura da abin da babu a jerin. Babu tambayar wa ya nemi saki. Babu tambayar wa ya fi dukiya. Talauci shi kaɗai ba ya hana uwa riƙon ɗanta, tunda ana iya umartar uba ya ciyar, kuma gida mai ɗakuna da yawa ba ya maye gurbin mutumin da yaro ya saba kwana a jikinsa.

Inda ake aiki da shari'ar Musulunci akwai tsarin fifiko da alƙali ke farawa da shi. Asalinsa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda wata mata ta kai kuka cewa mijin da ya sake ta yana so ya karɓe ɗanta, Annabi (SAW) ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A mazhabar Malikiyya uwa tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, ba kai tsaye yake komawa ga uba ba: kakar yaro ta wajen uwa da 'yar'uwar uwa suna gabansa a jerin. A Hanafiyya riƙon uwa yana kaiwa shekara 7 ga namiji, 9 ga mace. A Shafi'iyya idan yaro ya yi wayo, wajen shekara 7, ana ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Wasu ƙasashe sun sake tsara wannan a dokokinsu: Masar ta mayar da shekarun riƙon uwa 15 a 2005, dokar iyali ta Maroko ta 2004 kuma ta ba yaro ɗan shekara 15 damar zaɓa, ta kuma ce auren uwa ba ya kayar da riƙonta idan yaron bai wuce shekara 7 ba. Duk da wannan tsari, malamai sun gindaya sharuɗɗa ga mai riƙo: hankali, amana, iya ɗawainiya, da wurin zama mai aminci. Ke nan a nan ma maganar tana komawa ga lafiyar yaron.

Mataki na uku: a gwada sulhu da gaske

Ra'ayina shi ne duk iyayen da za su iya zama su tsara riƙon 'ya'yansu da kansu, su yi hakan. Alƙali zai ga iyalinku na 'yan sa'o'i ne, ku kuwa kun san wane yaro ne ke tsoron duhu, wanne ne ba ya jure doguwar tafiya. A Ingila tun 2014 dole mai son shigar da irin wannan ƙara ya fara halartar zama da mai shiga tsakani, a Ostireliya ma ana neman takardar shaidar cewa an gwada sulhu kafin kotu ta saurari ƙara.

Idan an daidaita, a rubuta. A faɗi ranaku da sa'o'i, wa ke kai yaro wa ke ɗauko shi, yadda za a raba hutun makaranta da bukukuwa, yadda za a yi waya, wa zai riƙe fasfo da takardar haihuwa. Kalmomi irin su “lokaci zuwa lokaci” ko “idan an samu dama” su ne ke haifar da rigimar baɗi. Sannan a kai takardar kotu ta amince da ita ta zama umarni, don yarjejeniyar baka tana da wuyar tilastawa ranar da zuciya ta sake ɓaci.

Sulhu yana da iyaka. Inda akwai duka, barazana ko tsoro, zaman sulhu yana iya zama wata hanyar danniya, shi ya sa dokokin da suka wajabta shi suka ware irin wannan hali. Wadda ke tsoron mutum ba za ta iya yin ciniki da shi kan 'ya'yanta ba.

Mataki na huɗu: shigar da ƙara, da umarnin wucin gadi

Kotun da ke da hurumi galibi ita ce ta wurin da yaro ya saba zama. A Amurka kusan duk jihohi suna ɗaukar jihar da yaro ya zauna wata 6 kafin ƙarar a matsayin gidansa. A ƙasashen da ke da tsarin shari'a fiye da ɗaya, irin auren da aka ɗaura yana iya nuna kotun da za a nufa. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa lauya tun ranar farko, wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma ya tambayi magatakardan kotu inda ake samun masu taimaka wa marasa hali. Bayan an shigar da ƙara, a kan aika wa ɗaya ɓangaren sammaci, a ba shi lokacin mayar da martani.

Ga inda mutane da yawa ke sakaci. Shari'ar riƙo takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma dole yaro ya zauna wani wuri kafin a gama. Don haka kotu takan ba da umarnin wucin gadi. Sunansa na wucin gadi, amma nauyinsa ya fi sunansa. Idan yaro ya yi wata goma a gida ɗaya, ya saba da makaranta, ya yi abokai, yana cikin ƙoshin lafiya, alƙali zai yi dogon tunani kafin ya sake tumɓuke shi. Saboda haka kada a raina zaman farko, kada a ƙi halarta don an ji cewa ba shi ne na ƙarshe ba. Wanda kuma ya bar gida ya yi watanni bai nemi yaransa ba, bai kira ba, bai aika da komai ba, zai sha wuya wajen bayyana wannan shirun daga baya.

Kishiyar sakaci ma kuskure ce, wato a sace yaro daga makaranta ko a ɓoye shi a wani gari don a riga kowa. Kotuna sun san wannan dabara, kuma sau da yawa ƙaiƙayi ne ke komawa kan masheƙiya: alƙali ya ga mutumin da ya fifita nasararsa a kan natsuwar ɗansa. Idan yaro yana cikin haɗari na gaske, akwai umarnin gaggawa da ake nema daga kotu, wani lokaci a samu a rana ɗaya. Ta nan ake bi.

Mataki na biyar: tara hujja

Hujjar da ta fi ƙarfi a shari'ar riƙo ba ta da ban mamaki ko kaɗan. Ita ce rayuwar yau da kullum da aka iya nunawa. Katin rigakafi da takardun asibiti, da sunan wanda ya riƙa kai yaron. Takardun sakamakon jarabawa da rajistar zuwa makaranta. Rasit na kuɗin makaranta da na magani. Shaidar aika kuɗin ciyarwa, shi ya sa ya fi kyau a riƙa aikawa ta hanyar da ke barin rubutu. Saƙonnin waya da ke nuna an nemi ganin yaro an hana, ko an gayyaci mutum ya zo ya ƙi. Yana da kyau a buɗe littafi a riƙa rubuta kwanan wata: ranar da aka kawo yaro, ranar da aka makara, ranar da ba a zo ba. A rubuta abin da ya faru kawai, ba tare da zagi ba, domin wata rana alƙali na iya karantawa.

Wajen zaɓen shaidu, malamin ajin yaro ko ma'aikaciyar asibitin da ta san shi sun fi dangi goma da za su zo su yabe ku. Alƙali ya san dangi na bayan nasu. Wanda ya ga yaron da idonsa, kuma ba shi da riba a hukuncin, maganarsa ita ke da nauyi.

Sannan a shirya amsar tambayoyi masu sauƙi waɗanda suke kayar da mutane. Wane aji yaron yake? Mene ne sunan malaminsa? Wane magani ne jikinsa ba ya karɓa? Idan kun tafi aiki, a hannun wa zai zauna? A wane ɗaki zai kwana, da su wa? Uban da ya ce zai karɓi yara amma a ransa ya san sabuwar matarsa ko mahaifiyarsa ce za ta rene su, ya sani cewa kotu za ta so sanin wannan matar, da yardarta, da yadda take da yaran. Uwar da za ta koma gidan iyayenta ko ta sake aure, ita ma za a tambaye ta su wa ke gidan.

Akwai wani abu da alƙalai ke lura da shi sosai wanda masu ƙara ba su cika zato ba: wanne daga cikin iyayen ne zai bar ƙofa a buɗe ga ɗayan. Wanda ke zagin uwar yaro a gabansa, ko wadda ke kashe waya duk lokacin da uban ya kira, suna nuna wa kotu cewa idan an ba su riƙo yaron zai rasa rabin danginsa. Abin da aka wallafa a Facebook ko aka tura ta WhatsApp cikin fushi shi ma yana iya bayyana a gaban alƙali. Kafin a tura saƙo, a ɗauka a kotu za a karanta shi da babbar murya.

Mataki na shida: binciken gida da muryar yaro

A wurare da yawa kotu takan tura jami'in kula da jin daɗin jama'a, wani lokaci masanin halayyar yara, ya ziyarci gidajen biyu, ya gana da yaron, ya rubuta rahoto. A Ingila hukumar Cafcass ce ke wannan aiki tun 2001. Rahoton ba hukunci ba ne, amma alƙalai suna jingina da shi ƙwarai. A karɓi jami'in kamar yadda ake zaune kullum. Ƙwararre yana gane gidan da aka gyara don ganin ido, yana kuma gane yaron da aka haddace wa magana, domin yaro ɗan shekara 6 ba ya magana da kalmomin lauya.

Sashe na 12 na yarjejeniyar 1989 ya ce a saurari yaro a ba ra'ayinsa nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Saurare daban, miƙa masa hukunci daban. Maganar ɗan shekara 14 tana da nauyin da ta ɗan shekara 5 ba ta da shi, amma ko babban yaro idan ya zaɓi gidan da ba a tilasta masa karatu, alƙali zai duba dalilin zaɓin. Alƙalai da dama suna ganawa da yara a ofis, ba a zauren kotu ba, don a sauƙaƙa musu.

Ina roƙon iyaye kan abu ɗaya a nan. Kada a tambayi yaro “wa ka fi so, ni ko babanka?” Kada a sa shi ya zama ɗan aike ko ɗan leƙen asiri. Yaron da aka sa ya zaɓa yakan girma yana jin shi ne ya ci amanar ɗaya daga cikin mutum biyun da ya fi ƙauna a duniya. Abin da yake bukatar ji shi ne cewa manya ne za su yanke shawara, kuma duk abin da ya faɗa ba wanda zai daina son sa.

Mataki na bakwai: idan akwai zargi mai nauyi

Duka, cin zarafin yaro, shaye-shaye da sakacin da ke jefa yaro cikin haɗari suna sauya shari'ar gaba ɗaya, kuma kotu takan fara tantance su kafin komai. Mai irin wannan ƙorafi ya kai rahoto da wuri, ya nemi takardar likita, ya adana hotuna da saƙonnin barazana. Dukan da ake yi wa uwa a gaban yaro cutar da yaro ne ko da ba a taɓa jikinsa ba, dokoki da yawa sun yarda da haka. Idan zargi ya tabbata, kotu na iya taƙaita ziyara, ta ce a yi ta a gaban wani amintacce, ko ta dakatar da ita. Ƙirƙirar zargi kuwa zalunci ne ga wanda aka yi wa, da yaron, da kuma masu ƙorafin gaskiya da za a riƙa yi wa kallon shakka, kuma idan ƙaryar ta tonu takan rusa sauran maganar mai ita.

Mataki na takwas: ranar zama

A zo da wuri, da takardu a jere. A amsa abin da aka tambaya, a yi wa alƙali magana, kada a juya ana cacar baki da tsohon miji ko tsohuwar mata. Idan an tambaye ku alherin ɗaya ɓangaren, ku faɗi gaskiya. Wanda ya iya cewa “tana kula da karatunsu” ko “yana son 'ya'yansa” ya fi samun yardar alƙali a kan sauran maganganunsa. A kuma zo da tsari a hannu, wanda ya nuna inda yaro zai zauna da yadda zai riƙa ganin ɗayan.

Mataki na tara: bayan hukunci

A karɓi kwafin umarnin a karanta shi sosai, abin da ba a gane ba a tambaya. Ana bin umarni ko da bai yi daɗi ba, domin saɓa masa raina kotu ne, yana iya jawo tara ko ɗauri, yana kuma iya sa a sauya riƙon. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne, galibi makonni ko 'yan watanni, kuma kotun sama ba ta cika taɓa hukunci ba sai ta ga an kauce wa doka ko an yi watsi da hujja mai muhimmanci.

Hukuncin riƙo ba ya rufuwa har abada. Idan hali ya sauya sosai, kamar ƙaura zuwa nesa, rashin lafiya mai tsanani, sabon haɗari a gidan da yaro yake, ko yaron ya girma bukatunsa sun sauya, ana iya komawa kotu a nemi gyara. Mai riƙon da ke son ƙaura da yaro zuwa wuri mai nisa ya nemi yardar ɗayan a rubuce ko izinin kotu kafin ya ɗaure kaya. Idan ƙaurar ta ƙetare iyakar ƙasa abin ya fi tsanani. Yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ƙasashe fiye da 100 ke cikinta, ta tanadi a mayar da yaron da bai kai shekara 16 ba ƙasar da ya saba zama idan an fitar da shi ba bisa ƙa'ida ba, don kotun can ta yi hukunci. Idan an nemi mayarwar kafin shekara ɗaya ta cika, hanyar ta fi sauƙi, bayan nan ana iya kare kai da cewa yaron ya riga ya saba da sabon wuri. Yarjejeniyar tana aiki ne kawai tsakanin ƙasashen da suka shige ta, saboda haka wanda ke da dalilin jin tsoron za a fita da ɗansa ya nemi kotu tun da wuri ta hana tafiyar, ko ta sa a ajiye fasfon yaron a hannunta.